Sifirin Gaba da Idon Baba

Shekara bakwai na yi ina jan babbar motar wani Alhaji kafin Allah ya ba ni tawa. Tawa ɗin ba babba ba ce. Jif ce mai gajeren jiki da rufin tamfol, wadda wani Bature na gidan gurzar auduga a Funtuwa ya daɗe yana zagaya ƙauyuka da ita. Da aka samu mulkin kai, Turawa suka fara tattara nasu-ya-nasu, sai ta bi hannun mutum biyu, sannan ta faɗo nawa. Asalin fentinta kore ne, amma rana ta ci shi har ya koma kamar garin kuka. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, da mata da 'ya'ya uku, muna zaune a wani gida kusa da tashar jirgin ƙasa.

Da ita nake bin kasuwannin ƙauye, su Ɗanja, Bakori, Dayi, da ƙananan da ba a tunawa da su sai ranar cinsu. Da rani manyan motoci sukan kwashe fasinja su bar mini ragowa. Damina ce tawa. A wancan zamani, in aka yi ruwa mai yawa, akan gitta sanda a hanyar burji a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska, don kada su ɓata hanya. Ni kuwa mai gadin sanda yakan ɗaga mini in wuce, direbobi suna zaune a gindin bishiya suna bi na da kallo.

Wahalar tana farawa ne daga inda burji ya ƙare. Da kakar auduga manyan motoci kan shiga har cikin ƙauyuka, tayoyinsu su haƙa kwari biyu, tsakiyar hanya ta tashi kamar kunyar dankali. Ruwan damina ya zo ya ƙara wa kwarin zurfi. Jif ɗin nan kuwa ta tsufa, sifirinta ya kwanta. Sifirin, ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, falle-fallen ƙarfe ne dogaye da aka jera ɗaya kan ɗaya aka ɗaure, sun lanƙwashe kamar baka, su ke ɗauke da jikin mota a kan gatari. Nata sun miƙe sun zama kamar sanda. In ta shiga irin wannan hanya, sai cikinta ya hau kunyar nan ya zauna, tayoyi huɗu suna ta juyawa a banza. Sai a sauke fasinja, a ari fartanya a gona mafi kusa, a yi ta haƙa. Na taɓa yini cur a wani kwari kusa da Ɗanja, har mutanen da na ɗauko suka tafi kasuwa a ƙasa, suka ci, suka dawo suka same ni a inda suka bar ni.

Washegarin ranar nan na kai ta wurin bakaniken da ke duba mini ita. Mukan ce masa Maigareji, ko da yake garejin nasa inuwar dalbejiya biyu ce kawai a bayan tashar mota, da benci, da akwatin sifanu. Bayarabe ne Kirista, sa'ana ne, a nan Funtuwa aka haife shi. Mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa tana sayar da atamfa a kasuwa. In yana Hausa a bayanka, ba za ka ce ba Bakatsine ba ne. Da babbar salla yakan ci naman gidana, da Kirsimeti 'ya'yana su ci shinkafar gidansu.

Na ce masa, "Maigareji, so nake a ɗaga motar nan. Na gaji da haƙa."

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe, sannan ya kira ni in leƙo. Ya nuna mini ƙullutun da ke tsakiyar gatari, mai kama da tulu.

Ya ce, "Direba, ka ga wannan? Ko sama ka kai jikin motar, shi yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Sai mu sa mata manyan tayoyi. Manyan tayoyi kuwa ba za su samu wurin juyawa ba sai an ɗaga jikin. To, a nan sifirin ya shigo."

Maganar sifirin baya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Nan kaya ke zama, ya ce a ƙara falle biyu masu kauri, na ce a ƙara. Gaba ne muka yi ta ja a kansa har la'asar. Shi so yake a kwance tsofaffin fallayen, a kai wa wani maƙeri da ya sani a Malumfashi ya maido musu da lanƙwasarsu, a ƙara siriri guda ɗaya. Ya ce za ta tashi kamar faɗin yatsa uku, kuma ya isa. Ni kuwa na riga na ga sifirin wata babbar mota da ta faɗi a hanyar Zariya, an jibge shi a gefen tasha, kowane falle kaurin tafin hannu. Raina ya biya. Na ce a yanko daga ciki a ɗaura mata, ta tashi taƙi guda, kuma ba zai ƙara kwantawa ba har abada.

Ya ce, "Ba zai kwanta ba kam, don ba zai motsa ba ma. An yi shi ne don ya ɗauki buhu ɗari. Me ke gaban motarka? Ɗan inji da kai da mutum biyu. Duk ramin da taya ta faɗa, a ƙugunka za ka ji shi."

Na ce, "Na ja babbar mota shekara bakwai, ƙuguna bai karye ba."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni, ya ce, "Motarka ce."

Ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau, don ba ya aikin ganin dama. Tsofaffin fallayen da ya cire na ce ya ba maƙera su yi fartanya. Ya ɗaure su da waya ya tura ƙarƙashin benci.

Ranar da na fito da ita tasha, sai da mutane suka taru. Ta yi tsayi ƙwarai, sai mutum ya kama ƙarfe ya yi yunƙuri kafin ya hau. Kafin azahar 'yan kamasho sun raɗa mata Zalɓe, sunan ya bi ta har ta bar hannuna. Kuma gaskiya ta yi abin da na nema. Kwarin Ɗanja da ya ci mini yini guda, na ratsa shi ko tsayawa ban yi ba. Na shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin mota da damina ba, yara suna bin mu da gudu, tsofaffi suna fitowa ƙofar zaure.

Sai dai abin da Maigareji ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. In ta hau gargada, haƙoranka sai sun haɗu. Sitiyari ya riƙa fizgar hannuna kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa. Wata mai tukwane daga Bakori ta ɗora mini tukwane goma sha, muka isa da rabinsu a fashe, ta zauna a bakin hanya tana jera tsingaro tana kallona, ba ta ko yi mini faɗa ba. Matan Fulani suka daina shiga da ƙwaryar nono. Ni kaina nakan sauko da yamma ƙuguna a riƙe, matata ta dafa ruwa ta gasa mini. Amma a tasha ban taɓa yarda ba. Har na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Wata rana a teburin mai shayi, direbobi suna yaba tsayin motar, na ce ai bakaniken nawa cewa ya yi ba za ta yiwu ba, ashe wani ilmin ba a cikin akwatin sifanu yake ba. Aka yi dariya. Maganar ta kai kunnensa kafin shayina ya huce. Bai aiko mini da komai ba. In na wuce yakan ɗaga hannu, in ɗaga. Na koma kai 'yan gyare-gyarena wani wuri.

Haka muka yi kusan wata biyu, sai maganar Baba ta taso.

Mahaifina yana ƙauyenmu, can ciki daga Dayi, tafiyar rabin yini a ƙasa. Da ƙuruciyarsa falke ne, ya sha kai kanwa da gishiri kudu a kan jakuna, sannan ya zauna ya riƙe gona. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa ido biyu. Yakan bambance rana da inuwa, shi ke nan. Ƙanena ke noma gonar, shi kuwa yana zaune a zaure yana tufka igiya, yana tambayar duk mai wucewa yadda dawa take. Na sha yi masa maganar asibiti, yakan ce abin da Allah ya rufe ba Bature ne zai buɗe ba. Sai a daminar nan wani tsohon abokin fataucinsa, wanda shi ma ya makance, ya dawo daga asibitin ido a Kano yana zura zare a allura. Ya zo har zauren Baba ya gaya masa launin rigar da ke jikinsa. Bayan kwana uku ƙanena ya zo Funtuwa a kan keke ya ce Baba ya ce in zo.

Na tafi da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Rafin da ke tsakanin Dayi da ƙauyenmu ya kawo, amma Zalɓe ta ratsa shi, ruwa bai ko taɓa ƙofa ba. Na ji daɗi a raina, na ce yau ga ranar tsayi. Muka ɗaga Baba muka zaunar da shi a gaba. Wannan ce shigarsa mota ta farko.

Tun daga ƙofar gida har Dayi motar tana jijjiga shi. Ya kama ƙarfen gabansa da hannu biyu, rawaninsa ya warware, kansa yana ta bugun sandar rufi. Ina tafiya a hankali iyakar iyawata, amma kowane dutse sai ya ɗaga shi daga kujera. Da muka hau burji a Dayi ya ce in tsaya. Na sauko da shi, ya tsuguna a gindin wata ɗorawa, ya daɗe yana maida numfashi. Na kawo masa ruwa ya kuskure baki.

Ya ce, "Kai, wannan dabba taka, ƙafafunta na gaba ba su da gwiwa ne?"

Na ce, "Baba, hanya ce ba kyau."

Ya ce, "Na bi hanyar da ta fi wannan muni da ƙwai a kan jaki. Jaki yakan lanƙwasa gwiwa. Wannan sandarewa take yi."

 Muka bi ta Gwarzo muka shiga Kano da la'asar, muka sauka gidan ƙanwata da ke aure a can.

Bayan kwana huɗu aka yi masa aiki a idon dama. Da aka bar ni na shiga, na same shi kwance a rigingine, fuska a naɗe, an tokare kansa da 'yan buhunan yashi hagu da dama don kada ya juya. Wani malamin asibiti, dattijo mai sanyin magana, ya ja ni waje.

Ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau, amma ɗinkin ido ba kamar na fata ba ne. Za mu riƙe shi mako biyu. In ya fita, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba jijjiga. Jijjiga mai ƙarfi tana iya buɗe ɗinkin, in ya buɗe kuwa an yi asarar idon. Yaya hanyar garinku?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ce to a bar shi a Kano har ruwa ya ɗauke, hanya ta daidaita. Da na kai wa Baba wannan magana, ya ce daga ƙarƙashin bandejin, ba tare da ya motsa kai ba, "Shekara huɗu ina jin dawa da kunne. Ba zan zauna a birni a girbe ta ban gani ba. In motarka ba za ta iya ba, a nemo mini jaki." Na san shi. In ya faɗa, zai yi.

Na iso Funtuwa ranar Lahadi da hantsi. Ban je gida ba, na wuce Sabon Gari. Maigareji yana coci. Na zauna a dakalin ƙofar gidansu har suka taso. Ya zo da farar riga da littafinsa a hannu, mahaifiyarsa na biye da shi da babban ɗankwali. Ya gan ni, ya ga motar, ya tsaya.

Na miƙe na ce, "Maigareji, na yi maka laifi, na zo ba da haƙuri. Maganar da na yi a wurin mai shayi, ƙarya na yi. Abin da ka faɗa duk ya faru."

Ya ce, "Na ji an ce kana tafiya kamar mai ciwon baya."

Mahaifiyarsa ta yi masa magana da Yarabanci, gajeriya, sannan ta juyo ta ce da ni, "Ɗana, shigo ka ci abinci tukuna. Yaya jikin Baba? An ce ka kai shi Kano."

A kan tabarmarsu, muna cin doya da miya mai yaji, na ba su labarin buhunan yashi da abin da malamin asibiti ya ce. Maigareji ya daina ci. Ya tambaye ni kwana nawa suka rage, na ce goma sha ɗaya. Ya ce yau ba ya taɓa sifana, amma gobe in kawo ta kafin rana ta fito sosai.

Da na isa da safe, tuni ya jawo tsofaffin fallayen nan daga ƙarƙashin benci, yana kankare musu tsatsa. Bai ce ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Muka zuba su a bayan motar muka nufi Malumfashi.

Maƙerin dattijo ne, gajere, mai faffaɗan ƙirji, maƙerarsa tana gefen gari wajen hanyar Kafur. Yawancin garmunan da ake huɗa da su a yankin nan da karyayyen sifirin mota ya ƙera su, saboda haka ya san halin ƙarfen fiye da mu duka. Ya ɗauki falle ɗaya ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurara. Na tambaye shi ko in sayo gawayi.

Ya ce, "Wannan ƙarfe ba ya son wuta. In ya ji wuta ya mutu, zai lanƙwasu amma ba zai ƙara dawowa ba. Da sanyinsa ake lallashinsa."

Ya share ƙasa, ya sa Maigareji ya zana masa da gawayi irin lanƙwasar da yake so. Ya jawo wani guntun ƙarfen titin jirgi da yake amfani da shi a madadin uwar maƙera. Sai ya ɗora falle a kai, ya fara bugu daga tsakiya, yana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa baki, bugu ɗaya kusa da ɗaya. In ya kai ƙarshe ya ɗauka ya ɗora a kan zanen, ya duba, ya mayar. Falle ɗaya yakan ci masa lokacin da za a dafa shayi a sha. Ina zaune ina miƙa masa, ina karɓa. Can ya tambaye ni wa zai zauna a gefen da muke yi. Na ce mahaifina, na gaya masa dalili. Ya ajiye babbar gudumar ya ɗauki wata ƙarama, ya sake bin fallen da ya riga ya gama.

Kwana biyu muka yi a Malumfashi. Har yanzu in na ji ƙarar guduma daga nesa, maƙerar nan nake tunawa: warin gawayi, da manoma zazzaune suna jiran a yi musu bakin fartanya, ana hirar ruwa da farashin shanu, da furar da matarsa ke aiko mana da azahar. Maigareji yana tsakiyarsu da baƙin mai har gwiwar hannu, suna gardamar ko gero ya fi dawa jure fari, kamar shi ma gona gare shi.

Da muka koma Funtuwa ya sauke fallayen babbar motar nan, kowane sai mun kama mu biyu. Ya shafe namu da baƙin mai ɗaya bayan ɗaya don su riƙa zamewa a kan juna, ya saka siririn falle guda na wata ƙaramar mota a tsakani, ya ɗaure. Ya tono shokozoba biyu masu ɗan tsawo daga tarin ƙarafansa, wato gorar ƙarfen nan da ke hana mota yin tsalle bayan ta faɗa rami. Sannan ya kira wani baduku ya ɗinke sifirin cikin fatar saniya kamar kube, don kada taɓo da yashi su shiga. Gaban ya sauko da kamar yatsa biyu daga tsayin da nake taƙama da shi, amma ya fi na asali nesa ba kusa ba, kuma manyan tayoyin suna juyawa ba sa gogar komai.

Gwajin da ya yi ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ari kwanon sha a wurin mai abinci, ya cika shi da ruwa saura kaɗan, ya zauna a kujerar da Baba zai zauna, ya ɗora kwanon a cinya. Ya ce in ja mu tsallake titin jirgi mu bi gargadar hanyar Bakori. Kafin mu yi nisa wandonsa ya jiƙe. Muka dawo, ya cire falle ɗaya gajere daga kowane gefe. Muka sake fita, ya ɗan jiƙe. Ya rage wa tayoyi iska, ya sa aka ɗora buhun yashi huɗu a baya don bayan ma ya daina harbi. A fita ta huɗu ruwan yana rawa a cikin kwano amma bai zuba ba. Mutanen tasha suna ta kallonmu, wasu suna cewa bakanike da direba sun taɓu.

Ana gobe za a sallami Baba, na zo ɗaukar motar na ga ya kulle akwatin sifanu ya saka a baya.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Kano. In wani abu ya kwance a hanya, wa zai ɗaure? Kai?"

Washegari da safe muka sami Baba zaune a bakin gado, an sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, idon hagu yana nan yadda yake, na dama kuwa yana kallo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ashe ka tara gemu." Ƙanwata ta juya baya tana share hawaye. Ya dubi Maigareji ya tambayi ko wane ne. Na ce abokina ne, shi ya yi wa motar gwiwa. Baba ya miƙa masa hannu biyu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Maigareji ya rusuna ya ce amin.

Mun shimfiɗa katifar auduga a kujerar gaba, muka tokare shi da matasai. Maigareji ya zauna a bayansa, ya zuro hannu ya tallafe masa ƙeya. Tafiyar da nakan yi cikin rabin yini, ranar sai da ta ci mana tun daga hantsi har rana ta yi sanyi. Masu keke suna wuce mu. Baba bai yi maganar jijjiga ba, hankalinsa na waje. Yana ta kiran sunayen abubuwa a hankali kamar mai bitar karatu: ga kuka, ga balbela, ga mace da tulu, ga gyaɗa ta rufe ƙasa. A Gwarzo ya sa na tsaya don kawai ya kalli wani mutum yana ɗaure wa jaki mangala, ya ce bai iya ba, kayan zai karkace kafin ya fita gari.

Daga Dayi muka sauka daga burji.  Na sa ta a giyar ƙarfi, tana tafiya kamar mai rarrafe. Ina jin tayar gaba tana hawa dutse, sifirin ya karɓe, ta sauka a hankali, jikin motar bai ko kaɗa ba. Da muka zo rafi, Maigareji ya ce in riƙe kan Baba da hannu ɗaya tukuna. Ya sauka, ya naɗe wando, ya karyo sanda, ya shiga ruwan yana lalube. Duk dutsen da ya taka sai ya sunkuya ya ɗauke ya jefar gefe. Da ya kai wancan ƙetare ya dawo ya koma wurinsa, ya ce in bi daidai inda ya bi. Muka haye. Kunyar tsakiyar hanya tana gogar ciyawa a ƙarƙashinmu, amma ba ta taɓa ƙarfe ba.

Ba mu kai gida ba Baba ya ce in tsaya. Ya gane gonarsa tun daga nesa, da tsamiyar da ke kan iyaka. Na tuna masa maganar malamin asibiti, ya ce an hana shi sunkuyo ne, ba a hana shi tsayuwa ba. Muka sauko da shi mu biyu, muka riƙe shi ta kowane gefe. Dawa ta fi mu tsayi, ta fara fitar da kai, iskar yamma tana kaɗa ta. Ya kai hannu ya shafa wani ganye tun daga gindi har baki, ya ɗaga kai a hankali ya bi karan da kallo. 

Ƙanena ya ji ƙugin mota ya fito daga cikin gonar da fartanya a kafaɗa. Da ya ga Baba tsaye yana kallonsa, sai ya saki fartanyar ya durƙusa a kan kunya. Baba ya bar shi ya natsu. Sannan ya nuna wajen gabas da haɓa.

Ya ce, "Wancan layin, wa ya yi huɗarsa?"

Ƙanena ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Duk shekarun nan kana ce mini komai daidai. To, a karkace yake. In Allah ya kai mu baɗi, ni zan tsaya a kanka."

Kuma ya tsaya ɗin. Ya yi damina shida bayan wannan yana zuwa gona da ƙafarsa, da tabarau ɗaure da zare ta bayan kai. Maigareji ya kwana biyu a ƙauyenmu kafin mu koma, aka yanka masa zakara, ya gyara wa mai unguwa keken ɗinkin matarsa, ya koma Funtuwa da damin gero da kwandon ƙwai a cinya.